Safiyar da Aka Kashe Duna

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, a ƙauyenmu da ke gefen Kafur. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya fito da fartanya a kafaɗa, ya tarar da Duna, baƙin karenmu, kwance a gindin rumbu. Ya kira shi bai tashi ba, sai ya sa ƙafa ya shure shi a kwankwaso, kamar yadda kowa ke tashinsa. Duna ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, ya juyo ya kafa masa haƙora a sharaɓa. Jini ya jiƙa ƙafar wandon. Baffa ya kurma ihu: "Ya haukace! Wallahi karen nan ya haukace, ku fito da gora!"

Duna ya girme ni a gidan. Shi ke gadin masararmu kada birai su shiga, kunnensa ɗaya a yage tun wani faɗa da ya yi da gwaggon biri. Shi ke raka ni idan zan kai fura gona, yana gaba ina baya da ƙwarya a ka, ni kuma nake kankaro masa ƙanzo. Amma duk wannan zaman, ba wanda ya taɓa ɗora masa hannu. A gidanmu kare na gona ne, ba na shafawa ba. In za ka matsar da shi, ƙafa ce ko kara, kada yawunsa ya taɓa ka. Da wani ya taɓa shafa gwiwoyinsa, da ya ji sun kumbura.

Tun shekara guda kafin wannan rana ya canza. Da safe sai ya fara miƙe ƙafafun gaba, ya jima yana jan na baya kafin su biyo. Ramin da ruwa ya ci a bayan gida, wanda da yake tsallakewa ba tunani, sai ya tsaya ya dube shi, ya zagaya. Ya yi ta lasar gwiwa har gashin wurin ya zube. In rana ta yi zafi jikinsa ya saki, sai ya yi tafiyarsa garau, wannan ne ya cuce shi, don sai aka ce lalaci ne, ƙanzo ya yi masa yawa. Kaka Yalwa kaɗai ta gane, tsohuwar da gwiwa ta hana zuwa rijiya. Tare suke shan hantsi a jikin katanga. Takan ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da karen nan ciwonmu ɗaya, sanyin ƙashi." Sai a yi dariya a ce tsohuwa ta sami abokin hira.

Kafin Baffa ya rufe baki, samarin unguwa sun cika gidan da gora da taɓarya da duwatsu. An taɓa rasa yaro a ƙauyen da ke kusa da mu sanadin cizon mahaukacin kare, don haka tsoro ya rufe idon kowa. Duna ya ja jiki ya nufi bayan gida. A bakin ramin nan ya tsaya. Tsalle ɗaya ne tsakaninsa da gonar dawa, ya kasa. Dutsen farko ya same shi a haƙarƙari, gora ta karya ƙafar baya, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Kaka ta taho tana dogara sanda tana cewa, "Ku bari, don girman Allah! Mahaukacin kare na shan ruwa? Yanzu na gan shi a bakin kasko!" Ba wanda ya waiwaya. Na riƙe rigar wani saurayi ina kuka, ya hankaɗe ni na faɗa taɓo. Taɓarya ce ta ƙarasa shi, a ka. Suka ɗaura masa igiya a ƙafa suka ja shi kwazazzabo. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Ciwon Baffa ya warke, bai haukace ba, ba kuma wanda ya sake ambaton Duna. A shekarar birai suka ci rabin masararmu da rana tsaka.

Yanzu a Funtua nake zaune. Kwanakin baya na ga maƙwabciyata Maman Ada, mai shagon kayan masarufi, ta rungumo tsohon karenta ta sa a Keke mai ƙafa uku. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Hajiya, wurin likitan dabbobi za mu. Ya fara jan ƙafa da safe, ba ya tsallake kwata, in ka taɓa bayansa sai gurnani. Gaɓoɓi ne, in an gane da wuri akwai magani." Na tsaya kawai ina kallon hannunta a kan bayan karen.

Ni ma yanzu, in an kwana ana ruwa, sai na dafa bango nake tashi. Amma in na yi nishi, akwai mai tambayata ina ke ciwo. Duna kuwa haƙora kawai gare shi da zai faɗi ciwonsa da su.