Rajistar Kwamfuta ta Huɗu

Har yau ban manta da ranar Talatar da na rubuta sunana a madadin na Malam Sada ba. Ina cikin wata na biyar na gwajin aiki a laburaren wata kwaleji kusa da Funtua, saura wata guda a tabbatar da ni.

Ga sababbin zuwa, ga yadda tsarin yake. A ɗakin kwamfuta akwai rajista. Duk wanda zai zauna, sai ya rubuta sunansa da lambar kwamfuta da lokaci. Ɗalibai suna rubutawa. Amma malamai, ba ma miƙa musu biro, don da kunya yarinya ta ce wa sa'an babanta ya sa hannu. Sai mu sa namu sunan. Haka na tarar ana yi.

Shugabarmu, Hajiya Rabi, ta sha gargaɗi a kan shafukan da ake kallon fim kyauta. Ta ce fina-finan na sata ne, kuma shafukan na ɗauke da cutar kwamfuta. Malamin da ke son fim don darasi, ya faɗa mana da wuri mu nemo daga masu shi.

Ran nan Malam Sada na sashen Hausa ya shigo da ajinsa, ya ce in haɗa kwamfuta ta huɗu da majigi. Wani ɗalibi ne ya turo masa adireshin shafin. Da na gani na ce, "Malam, wannan irin wanda Hajiya ta hana ne, na sata."

Ya yi dariya. "Sa'adatu, akuyar wa aka sace? Matsa in zauna."

Na matsa, na rubuta sunana.

Ya danna, fim bai fito ba. Ya sake dannawa, sai hotunan tsiraici suka cika bango, wani na buɗe wani. 'Yan mata suka rufe fuska da hijabi, maza na baya suka sa ihu. Malam yana ta salati yana danne-danne. Ni na fizge wayar wuta.

Washegari kwamfutoci uku suka ƙi tashi. Ranar Alhamis aka ba ni takardar tuhuma, wato in kare kaina gaban kwamiti, saboda sunana ke cikin rajista. Kafin Juma'a magana ta isa garinmu Tsiga. Inna ta kira ni, ba ko amsa gaisuwa, ta ce, "Wai me ake cewa kin nuna wa mutane?"

A zaman kwamiti, shugaban ya buɗe rajista ya ce, "Wannan rubutunki ne?" Na ce nawa ne. Malam Sada yana gefe, idonsa a ƙasa. Bakina ya ƙi furta sunansa.

Hajiya Rabi ta ja rajistar gabanta, ta riƙa juya shafuka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, duba tun farkon shekara. Akwai sunan malami ko ɗaya? Kai ma ka zauna a ɗakin kwamfuta, ba ka ciki. Ni na bar yaran nan a haka."

Can Malam Sada ya gyara hula ya ce, "Ni na zauna. Kuma ta gaya mini, na ƙi ji."

Ba a kore ni ba. An ƙara mini wata uku na gwaji. A Tsiga kuwa, labarin farko ne ya zauna.

Abin da na koya: wanda ke cikin takarda shi ake kamawa, kuma kunyar da na ji ba ta tare mini komai ba. Malamanmu ba mugaye ba ne, gani suke abin da ke intanet ba shi da mai shi.

Makon jiya Malam Sada ya dawo da takardar neman fim. Na miƙa masa rajista da biro. Ya karɓa ya rubuta sunansa cikakke, har da lokaci.