Shekarar da Na Bi Gida-Gida Neman Gafara

Turmi ɗaya ne a gidan da muka kama haya a Bodinga, kuma ba nawa ba ne. Na matar mai gidan ne, wata doguwar mace 'yar Dandin Mahe da ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai 'yar Zuru. Mijinta tela ne a kasuwa, nawa malamin firamare da aka turo daga can gida. Mu Kirista, su Musulmi. Tun satin farko ta ga ina raɓe-raɓe da ƙwaryar gerona ina jira ta gama, sai ta miƙo mini taɓarya ta biyu ta ce in zuba a kan nata. Daga ranar tare muke daka kowace safiya, ta ɗaga in sauke, in mun gama mu raba garin da ido. Ba mu taɓa yin musu a kan rabon ba, ko da yake ni mace ce mai musu.

Yaya tana 'yar sana'a a cikin gida, gishiri da barkono da kuka, kuma da gwangwanin madara take awo. Duk gwangwanin da ya ƙare a ɗakina nakan wanke in miƙa mata. Hannuna ya saba da hakan har ba na tunani a kai.

A shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula abubuwa suka yi tsanani. Motocin manya suna wucewa ta titin Bodinga zuwa Shagari, garin shugaban ƙasa, da jiniya, mu kuwa sabulun wanki ya gagare mu. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya hau. Ma'aikata kan samu 'yan kayan masarufi a ofis bayan dogon layi, to wata rana maigidana ya dawo da madara gwangwani shida. Na jera su a akwatin ƙarfe, na rufa musu zannuwa, na tura ƙarƙashin gado.

A satin ne autar Yaya ta kamu da ƙyanda, bakinta ya kumbura, ba ta iya haɗiyar tuwo. Yaya ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba.

"'Yar Zuru, ko kina da madara, ko gwangwani guda? Yarinyar ga ba ta cin komi."

Na ce ta ƙare. Haka kawai maganar ta fito, kafin in yi shawara da zuciyata. Tsoron gobe ne, ba wani abu ba. Yaya ta ce Allah ya rufa asiri, ta juya. Yarinyar ta warke da kunu da taimakon Allah, mu kuma muka shanye madarar a shayi, ƙofa a rufe. Ban ji daɗin ko kofi ɗaya ba, amma na sha.

Majami'armu a lokacin wani shago ne a bayan tasha, ba mu fi ashirin ba: malamai, 'yan sanda biyu da matansu, da wani mai gyaran rediyo. Mai bishara yakan zo daga Sakkwato a kan babur kowace Lahadi. Siririn mutum ne mai sanyin murya, amma a shekarar nan wa'azinsa ɗaya ne, dawowar Almasihu. Yunwa alama ce, tsada alama ce, rigimar zaɓe alama ce. Sai kuma ya ce ba wanda ya san ranar. Ni nan na fara rikicewa. In ba wanda ya sani, ƙidayar alamun ta mece ce? Na tambayi maigidana a hanyar gida, ya ce in rage surutu, mutane suna jinmu.

Wata Lahadi ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce a ranar za a tarar da mata biyu suna niƙa wuri ɗaya, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, na ce, "Malam, daka fa?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ya ce niƙa da daka duk ɗaya ne. Ya ce shiri ba tara kaya ba ne, wanke zuciya ne. Duk wanda ya san ya cuci wani ya je ya nemi gafara tun ƙaho bai yi ƙara ba.

Mata nawa ne a shagon nan da suke daka da wata kowace safiya? Ni kaɗai. Na dawo gida na tsaya ina kallon turmin Yaya. Bisa ga abin da aka koya mana, ni za a ɗauka a bar ta, wannan kuma bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Bisa ga abin da na aikata da akwatin ƙarfe kuwa, ban ga dalilin da zai sa a ɗauke ni ba. Duk ta inda na juya maganar, ɗayanmu tana tsaye ita kaɗai a tsakar gida.

Sai na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na daina daka da ita. Na riƙa kai gerona injin niƙa na tasha, wai in ba mu tsaya tare a turmi ba, maganar ba za ta faɗa a kanmu ba. Na ce mata kafaɗata ke ciwo. Sannan na shiga neman gafara, na fara da masu sauƙi.

Abin da na manta, ko in ce ban auna ba, shi ne a Bodinga ba a bin gida-gida neman gafara haka kawai. Mai tafiya Makka ke yi, ko wanda zai bar gari, ko mace in haihuwa ta matso, ko wanda ya ji a jikinsa kwanansa sun ƙare. Ni ba ciki gare ni ba, ba kuma a ga mun ɗaure kaya ba. Da na durƙusa gaban Inna, mahaifiyar mai gidan, na ce ta yafe mini ƙorafin da na yi kan awakinta da suka cinye mini shanya, sai tsohuwa ta kama hannuna tana duba idona.

"Ɗiyata, mi ad da ke? Likita ya hwaɗi wani abu?"

Na ce lafiyata ƙalau, shiri nake yi. Ta ce shirin me? Na ce na ƙarshe. Kafin la'asar ta aiko mini da jiƙon saiwa mai ɗaci, kafin kwana biyu unguwa duka ta ji cewa matar malam tana fama da ciwon da ba a faɗi. Mai kitso ta yi kuka da na je wurinta. Matar wani ɗan sanda ta zo leƙa ɗakunanmu, wai ta ji za su zama babu kowa.

Har Shagari na je ranar kasuwa, don akwai wani mai albasa da na taɓa zagi tas saboda ya cusa mini ruɓaɓɓu a ƙasan kashi. Na same shi, na gaishe shi, na ce ya gafarta mini. Bai ma gane ni ba.

"Allah shi yahe muna baki ɗai. Hajji za ki?"

Na ce a'a, ni Kirista ce.

"To ina za ki?"

Na tsaya rana tana dukana. In ce sama? Ni kaina ban tabbata da ni za a tafi ba. Shi kuwa sai ya ɗebo albasa biyar masu kyau ya zuba mini a kwando, ya ce guzuri ne, Allah ya kai ni lafiya.

Maigidana ya yi fushi ranar da tela, mijin Yaya, ya tare shi yana tambayar ko an yi masa canjin wurin aiki. Ya ce na ɗauki abin da zafi, na mai da mu abin magana. A daidai lokacin yana tsugune a bayan ɗaki yana zuba wa dashen mangwaronsa ruwan wanka. Na ce, "Kai da ka yarda Ubangiji yana bakin ƙofa, wa zai sha mangwaron nan?" Ya ce in tambayi mai bishara. Gidanmu duk tambaya mai wuya can ake tura ta.

Sati uku ina wannan yawo, ban je wurin Yaya ba. Muna gaisawa, ina wucewa da ƙwaryata zuwa inji, ina jin bugun taɓaryarta ita kaɗai a bayana. Wata rana bayan azahar ta zo ta kifa turmin a ƙofar ɗakina ta zauna a kai.

"'Yar Zuru, kin bi gari duka. Har Shagari kin tahi wurin mai albasa. Ni ɗai kinka tsallake. In tahiya za ki yi, ni ya kamata in hwara ji. In ciwo na, ni ya kamata in hwara ji. Mi niy yi miki?"

Ban taɓa ganin idonta ya yi ja ba sai ranar. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai: gwangwani shida, akwatin ƙarfe, zannuwan da na rufa, shayin da muka sha ƙofa a rufe alhali 'yarta tana kwance. Ina magana ina kuka, ina jira ta tashi ta ɗauki turminta.

Ta tashi ɗin, amma ɗakinta ta shiga. Ta fito da faifan sana'arta, ta tsamo gwangwanaye ta jera su a gabana, ɗaya, biyu, har shida.

"Waɗanga hwa? Ke kinka ba ni su da hannunki, guda bayan guda, bayan kin ce ta ƙare. Sabbi hul, ko tsatsa babu."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe na yi ƙaryar, sannan na wanke shaidar da sabulu na kai mata har ɗaki, sau shida. Na ce, "Yaya, me ya hana ki magana?"

"In ce mi? Na yi hushi kwana ukku, ban ɓoye miki. Sannan na ce yarinya ta, baƙuwa ta, tsoro ta ji. Na yahe tun tuni. Wanga shi as sa kika shan garin inji?"

Na ce ba shi kaɗai ba. Na kwashe wa'azin duka na faɗa mata, dawowar Almasihu, ƙaho, mata biyu, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ta saurara tana juya gwangwani a hannu.

"Annabi Isa? Ai mu ma muna jira nai. Malamai sun ce sai Dujal ya hito tukuna."

Wannan ya ƙarasa hargitsa mini kai. Ban taɓa sanin suna jiransa ba. Na ce to in haka ne, wa za a ɗauka, wa za a bari? Ta ce wannan ba aikinmu ba ne, aikin mai ɗauka ne. Ta miƙe ta tayar da turmin.

"Ɗauko geronki. Amma in ke anka zo ɗauka, ki aje taɓarya tukuna, kar ta hwaɗo min bisa kai."

Muka koma daka. A ƙarshen shekarar rediyo ya ce soja sun karɓi mulki, motocin jiniya suka daina wucewa, mai bishara ya ce wannan ma alama ce. Na daina ɗaga hannu. Ina addu'a safe da yamma, ina ƙoƙarin zama a shirye, amma in an tambaye ni mene ne shirin ba zan iya faɗa dalla-dalla ba.

Yaya tana da ciki a lokacin. Da bazara ta yi, cikin ya tsufa, wata safiya tana bakace ta ce, "'Yar Zuru, ki gahwarta min abin da niy yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ko ɗago kai ba ta yi ba, faifai yana ta aiki a hannunta. Abin da ya ci mini sati uku da kuɗin mota zuwa Shagari, ita ta gama shi a numfashi ɗaya. Na yi dariya na ce ba ta yi mini komai ba, Allah ya sauke ta lafiya.

Bayan kwana biyu muna tsakiyar surfe ta tsaya. Ta jingine taɓaryarta a bango a hankali, ta dafe ƙugu, ta ce, "Ƙarasa, ina zowa." Inna ta bi ta ɗaki, aka aika kiran ungozoma. Ba ta kai la'asar ba, ita da jaririn.

Ranar Lahadi na jira kowa ya fita, na sami mai bishara yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Na ce, "Malam, mu biyu muke daka." Ya san labarin. Ya ciro littafinsa ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya rufe. Ya ce ba wannan ɗaukar ake nufi ba, ya ce Allah shi ne mai shari'a, ya ce in yi haƙuri. Na ga shi ma idonsa ya kawo ruwa, sai na ƙyale shi.

Shekaru sun wuce, mun bar Bodinga, wasu ne suka sha mangwaron. Har yanzu ina jiran dawowar Ubangiji, kuma har yanzu ban gane yadda rabon zai kasance ba. Abin da na gani da idona kawai na sani. Mu biyu ne a turmi. Ta ajiye taɓaryarta tukuna, kamar yadda ta ce in yi, ni kuma aka bar ni tsaye da tawa a hannu.