Layin da Na Cire Daga Waƙar Yaya Mamman

Bana shekara ashirin da bakwai da rasuwar yayana Mamman, baduku a Zango, amma har yau kunyarsa nake ji.

Yaya da guduma yake auna waƙa. Yana bugun fata yana rera baiti, in bugu ya ƙare da sauran gaɓa a bakinsa, sai ya ce karin ya gurgunce, ya sake lale. Haka ya tsara waƙar mutanen ƙauyenmu da Nasara suka kwasa aikin dole. Kowane mutum da baitinsa: sunansa, ƙarfinsa, iya nomansa, duk layi ya sauka a kan "wa". Bayan kowane baiti sai amshi: "Ya tafi, har yau babu komowa."

Lokacin ina tafinta a ofishin kumandan, Baturen mulkin yankinmu, ina ji da bokona. Kumandan ya ji labarin waƙar, ya ce in rubuto masa. Na je rumfar Yaya na ce, "Yaya, layi guda sai nanatawa? Sau ɗaya ai ya isa."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Isa, kowane gida uwa daban ce ta yi kukan."

Ko sau ɗayan ban rubuta ba. Na ce takarda nake tattali, alhali tsoro ne. Kumandan ya karanta ya yi murmushi, don da babu amshin, waƙar ta koma yabo zalla.

Gara ta cinye wadda Yaya ya rubuta da ajami, rubutuna ne ya tsira. Bara aka gayyace ni lakwal, wato makarantar boko, yara suka rera ta a matsayin kirarin jaruman da suka gina hanya. Malaminsu ya yi bayanin amsa-amo da kari daidai wa daida, har tafi aka yi. Da Yaya na nan me zai ce? Ina jin gudumarsa kawai zai ɗauka ya fice.

Kusa da ni akwai Iya Hadiza, matar mai baiti na bakwai. Da aka wuce sunan mijinta sai na ji ta faɗi amshin ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Ban taya ta ba.

Da damina Iya Hadiza ta rasu. Abin da ya rage na Yaya ashe a bakinta yake, ba a takardata ba. Shi ya sa na rubuta layin yau. Duk mai rera waƙar, don Allah ya mai da shi bayan kowane suna.