Zobe Uku a Rediyon Shago

Malam Muntaka yana da shekara sittin da bakwai, kuma shi kaɗai ya rage mai gyaran tsofaffin rediyo a ƙauyukan gefen Zakirai. Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Haske da duhu yana bambancewa, launi kuwa ya tsere masa. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ranar da aka ji, ranar za a daina kawo masa aiki.

Bayan girbi, wani matashi, Nathan, ya kawo masa rediyon mahaifinsa Shago a amalanke. Irin na da ne, mai garmaho, akwatin katako da ya kusa tsawon gado. Tsohon yana kwance ba lafiya, yana son jin faifansa na waƙoƙin coci.

"Baba Muntaka, ka dai duba a hankali. An ce in taransifomarsa ta ƙone, ba a samun irinta."

"Je ka dawo da la'asar."

Da ya kwance bayan akwatin, hannu ya yi masa aikin ido. Ya shafa lasifika biyu, ya lalubo taransifoma da nauyinta, ya bi wayoyi yana kakkaɓe kashin ɓera. Hanci ne ya kai shi ga ɓarnar: wata 'yar razista mai kamar ƙwayar wake, tana ƙauri. Ƙarfin irin wannan ba a rubuta shi da lamba, zobba ne masu launi a jikinta. A sa wadda ba ita ba, wuta ta yi yawa.

Ya daɗe yana juya ta a rana. Sannan ya aika murya cikin gida.

Matarsa Tahira ta fito, hannunta duk rini, don ita ke rina kabar da ake saƙa tabarma da ita.

"Zobe nawa kike gani a nan?"

Ta dube shi, ba ta dubi abin ba. "Sai yau, Malam? Ai tun da ka yaba koren zanena ka ce baƙi ne na sani."

Ta karɓi abin.

"Uku a jere. Ruwan ɗorawa, sai shuni-shuni. Na ukun kamar ruwan ƙasa."

"Kamar? Ruwan ƙasa da ja ba ɗaya ba ne. Rediyon mutane ne."

"Ja in ya sha zafi haka yake komawa." Ta juya cikin abin, inda wuta ba ta taɓa ba, ta goge da yawu. "Ja ne."

Ita ta tsamo masa irinta daga gwangwanin tarkacensa, ya liƙa da dalma. Ya haɗa ƙwan fitila a kan wayar wutar, yadda ya saba: in ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya, akwai matsala. Wannan kam zai iya gani.

Nathan ya iso ana tada janareta. Muntaka ya murɗa makunni. Ƙwan ya yi fau, har gumi ya karyo masa. Sai ya dushe, ya koma kamar garwashi. Lasifika ta yi gyaran murya, tashar Kano ta shigo.

"Hannunka yana nan, Baba," in ji Nathan.

"Hannun nawa ne. Idon nata ne."

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Malam Muntaka ya tafi rumfarsa da kujera biyu.