Bakina da Idon Kaka

Bara kurkunu ya kwantar da ni kwana tara a asibitin birni. Duk ƙauyenmu na gefen Wurno ni kaɗai na taɓa kwana can, don haka da na dawo sai na zama mai labari. Kullum da la'asar tsofaffi na zaune gindin durumi suna gyaran albasa, ni kuwa in baje musu.

Abin da na gani ba shi da daɗin ji: gado, allura, kunu tsararo. Sai na ƙara masa yaji. Na ce in likita Bature zai gyara idanun tsofaffi, ƙwaƙule su yake, ya zuba a tasa guda, ya wanke kamar gauta, ya mayar wa kowa wanda hannunsa ya faɗa kai. Na ce wani dattijon Rabah ya koma gida da idon wata budurwar Goronyo, tun daga ranar ba ya iya wuce mai tallar 'yan kunne. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Kakata, mahaifiyar babana, tana gefe tana saurare. Ban lura ita ba ta yi dariya ba.

Yanar ido ta daɗe da rufe wa Kaka ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Wata huɗu babana yana sintiri wurin malamin disfensa kafin ya samo mata takardar zuwa asibitin birni, domin gadajen masu ciwon ido kaɗan ne, kuma mutanen birni da ke kusa su ke fara cikawa. Aka ce ta bi motar gyaɗa ta Laraba, ta ƙarshe kafin ruwa ya yanke hanya.

Ran Laraba Kaka ta miƙe ƙafa kan tabarma ta ce ba inda za ta.

"Inna, don mi?" in ji babana.

"Tambayi mijina." Haka take kirana. "Da tsuhwana ba a sa min idon wani ƙato in tashi da shi gaban Ubangiji."

Na durƙusa gabanta. "Kaka, wallahi ƙarya niy yi. Ko tasar ban gani ba."

"Ɗan nema, ran nan ma wallahi kac ce. Wacce za ni ɗauka?"

Babana ya roƙa. Liman ya zo ya roƙa. Direba ya gaji da jira ya ja motarsa, gadon ya tafi ga wani.

Na sha bulalar da ta isa jakai goma, kuma da an ƙara ba zan gudu ba. Kafin ruwa ya janye, ɗayan idon ya rufe. Malamin disfensa ya ce sai dai a sake neman takarda daga farko.

Yanzu ni ke jan sandarta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Jiya ta shafa fuskata ta ce na rame, ta turo mini sauran furarta. Na riƙe ƙwaryar, na kasa sha.