Guduma da Motar Auta

Duk layin masu gyaran mota babu wanda ya san sunansa na yanka, Guduma ake ce masa. Tun yana saurayi yake bugun jikin mota, kuma Allah Ya ba shi hannu. Ƙofar da ta lotse kamar gwangwanin madara, in ya zauna mata, sai ka rantse yau ta fito daga kamfani. Matsalar ɗaya ce, yadda yake yi wa ƙarfe haka yake yi wa mutane. Ya taɓa fasa wa mai fenti baki a kan kofin shayi. Haƙoransa na gaba kuwa a tasha ya baro su. Mutum ɗaya ce in ta ce "Baba, ya isa" yake sauke hannu, ita ce 'yarsa Auta.

Auta da 'yar motarta take ci. Da safe ta kwashi yaran unguwa zuwa makaranta, da rana ta dawo da su, da haka take riƙe marayunta tun rasuwar mijinta. Ita ta nace sai da ta yi wa motar cikakkiyar inshora, uban yana yi mata dariya wai tana ciyar da 'yan ofis masu laktaye.

Ranar da tsautsayin ya faɗa, ta sauke yara ke nan wata tifa ta kwaso a guje ta maka mata a gefe. Gilashi ya tarwatse, ƙofa ta shige ciki, inji ya taɓu, hannun Auta ya karye. Guduma ya iso ko takalmi babu. Ya finciko direban tifar daga sama, ya haɗa masa jini da majina, yana gwara kansa da taya. Da ƙyar ƙarti suka ɓanɓare shi.

A gadon asibiti Auta ta roƙe shi. "Baba, a ja motar garejinka a rufe. Don Allah kada a taɓa ta sai mutumin inshora ya gani. Su za su sake min inji."

"To, na ji."

Ji kam ya ji. Amma mutumin inshora shiru, yau ne gobe ne. Kullum Guduma ya buɗe gareji sai ya yi ido biyu da ƙofar nan, ga busasshen jinin 'yarsa a kujera. Yana miƙe motocin bare, ta 'yar cikinsa tana yashe kamar mushe! Abin ya ci masa rai. Ran nan ya tuɓe riga ya hau aikin motar. Ya miƙe ƙofa, ya sa gilashi, ya wanke kujera, ya sa aka fesa fenti. Inji ne kawai ya bari, don ba fanninsa ba ne.

Sai ga jami'in inshora ya iso, wani siriri mai tabarau. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa.

"Baba, ina ɓarnar?"

"Na gyara," in ji Guduma, har da bugun ƙirji.

"Kash! Ai sai mun ga mota yadda hatsari ya bar ta. Inji ya lalace, na yarda. Amma jiki ko ƙwarzane babu, ta yaya zan ce tifa ce ta yi? Sai dai in akwai..."

"Ƙarya nake yi ke nan? 'Yata tana kwance da karyayyen hannu!"

"Ban ce ba, Baba. Cewa nake in akwai..."

"Ɓarna kake son gani? Tsaya nan!"

Ya sungumo babbar gudumar da ake miƙe ƙarfen tirela da ita. Bugun farko ƙofar ta koma ciki. Na biyu gilashin gaba ya zube. Ya bi fitilu ɗaya bayan ɗaya, ya rotsa rufi, ya ɗaga murfin gaba ya yi ta kirɓar inji har baƙin mai ya malale ƙasa. Ɓarɓashin gilashi ya yanke masa goshi, jini na shiga idonsa, yana ihu, "Ka gani? Rubuta! Rubuta mana!" Jami'in ya manne da bango.

"Baba, ya isa!"

Auta ce a bakin gareji, hannu ɗaya a naɗe an rataye mata a wuya, ɗayan riƙe da waya. Daga asibiti ta wuto da ta ji jami'in ya zo. Ta miƙa wa jami'in wayar. Hotunan motar ne a wurin hatsari, wani mai shago ya ɗauka ya turo mata, ga ƙofar a lotse, ga lambar tifar raɗau.

Jami'in ya duba, ya goge tabarau. "Hajiya, su nake ta ƙoƙarin tambaya. Wallahi da sun wadatar. Amma yanzu a gabana aka farfasa motar nan da gangan, kuma dole in faɗi abin da na gani." Ya tsallake man da ya malale ya fita.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi wa uban sauƙi. Ta daɗe tana kallon injin.

"Baba, in an kwance min hannun nan, da me zan kwashi yaran mutane?"

Guduma ya waiga hagu, ya waiga dama. Tunda yake bai taɓa rasa wanda zai daka ba sai yau. Ya ajiye gudumar a hankali, ya durƙusa ya fara tsince gilashi don kada ta taka.