Injin da Ba Ya Shan Mai

Shekara biyu ko uku bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu, mutanen Gaya suka shiga wani yanayi na yarda da kome. An ce mun samu ƴanci, to me ya rage wanda ba zai samu ba? Da wani zai zo ya ce gobe kogi zai koma madara, akwai waɗanda za su kwana suna wanke ƙwarya.

A lokacin ina da rumfa a bakin hanyar gada, ina sayar da kananzir da esansi, man mota. Da galan ɗaya a ka na fara, ina bin ƙauyuka, har na kai ga sayen duro. Ban yi lakkwal ba, wato karatun boko, amma na san abu ɗaya: duk abin da ke aiki yana ci. Jaki yana ci, kamyo, motar ɗaukar kaya, yana sha, fitila ma sai an zuba mata.

Sai ga wani mutum ya haye daga Malanville ranar kasuwa, da wando da tabarau da biro uku a aljihun riga. Nan take aka sa masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakkwal, ko da yake ba wanda ya san ajin da ya taɓa koyarwa. Ya sauke akwatin katako a gindin wata bishiya. A saman akwatin akwai ƙafar keke a tsaye, an ɗaura mata gwangwanayen tumatir, ga kwanon ruwa a ƙasa. Ya taɓa ta, ta kama juyawa. Gwangwanaye suna ɗibar ruwa suna zubawa a sama, ruwan yana gangarowa.

"Ruwa yana tura ƙafa, ƙafa tana ɗaga ruwa," in ji shi. "Ba mai, ba gawayi, ba hannun mutum. Haka zai yi ta yi har tashin ƙiyama."

Kasuwa ta ɗauki kabbara. Wani direba da na sani da hankali ya ce ai shi tuni ya ji labarin irinsa a Kwatano.

Da abin ya tsaya a kallo, da ban damu ba. Amma yayana, wanda nake bi, manomin shinkafa ne a fadama, kuma abin da ya mallaka a duniya bijimai biyu ne na huɗa. Mushe ya yi masa alkawarin zai haɗa masa babba a bakin gona, wanda zai ɗaga ruwan kogi rani da damina. Sharaɗi ɗaya ne, ya ba da bijiman tukuna, don a sayo ƙarafa.

Sau uku ina samun Yaya shi kaɗai.

"Yaya, ka lura mutumin nan ba ya barin abin ya daɗe yana juyi? Da an ɗan jima sai ya tsayar da shi, ya kai hannu bayan akwati yana ba ku labarin Turai."

"Daidaita shi yake yi."

"Abin da zai kai tashin ƙiyama, kafin a sha shayi ɗaya har ya karkace?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai mai sayar da mai, me za ka ce dama? In injin nan ya zauna a garin nan, kananzir ɗinka sai dai ka yi wanka da shi."

Ban ji haushi ba, don ni ma da wani ne a matsayina, abin da zan faɗa masa ke nan. Na gane baki ba zai yi ba. Sai na ce to, tunda ciniki ya faɗa, ranar da za a miƙa igiya a zo gidana a ci abinci, a sa albarka a gaban Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, shi ne babban da ya rage mana. Haƙoransa huɗu, kuma yana cin kifi kamar mai duba ƙwarƙwata. A gidanmu, kamar kowane gida mai tarbiyya, in an haɗa hannu a kwano ɗaya ba mai tsame nasa kafin babba ya tsame. Da sassafe na sauka bakin kogi na zaɓi tsage, kifin da ya fi kowane ƙaya, na ce wa maiɗakina kada ta cire ko ɗaya. Kawu bai san kome ba, kuma ba ya bukatar sani.

Bayan Azahar Yaya ya zo da bijimansa ya ɗaure a ƙofar gida. Mushe ya ajiye akwatinsa a inuwar mangwaro, taku kamar goma daga tabarma.

Na ce, "Mushe, tada shi Kawu ya gani, bai taɓa gani ba."

Ya kai hannu baya, ya yi ƴan dabarunsa, ƙafa ta kama juyi. Kafin ya gyara tsayuwa na miƙa masa ruwan wanke hannu, an dire shinkafa da miya. Ya zauna.

Kawu ya ɗauki tsoka ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya zare ƙaya, ya ajiye a bakin tabarma, ya sake zare wata. Inji yana ta ƙwas-ƙwas a bayanmu. Mushe yana kai loma yana waiwaye. Can sai ƙwas ɗin ya fara nisa da ɗan'uwansa. Mushe ya yunƙura.

"Ina zuwa, ɗana?" in ji Kawu, bai ko ɗaga kai ba.

"Baba, zan ɗan duba..."

"Da hannunka a cikin kwanona? A wane gida aka rene ka? Zauna."

Ya zauna, gumi yana bin ƙarfen tabaransa. Na tura masa kan kifi gabansa. "Ci, Mushe, kai baƙo ne. Injin ai ba ya son hannun mutum."

Ƙafa ta yi juyi ɗaya da ƙyar, ta yi rabi, ta dawo baya, ta tsaya. Ruwa yana ɗiga daga gwangwani. Ba ka jin kome sai Kawu yana tsotsar ƙashi.

Sai da ya gama da wannan ƙashin ya leƙa injin. "Ya gaji ne?"

"A'a Kawu," in ji ni, "ƙiyamar ce ta zo da wuri."

Mushe ya ce iskar Gaya tana da nauyi. Da ya ga ba wanda ya amsa, ya ce akwai mai mugun ido a wurin, yana kallona. Da Kawu ya tsame hannu ya yi hamdala, Yaya ne ya riga kowa tashi. Ko hannu bai wanke ba ya zagaya bayan akwatin, ya ɗaga wani ɗan marfi. Ga mariƙi nan ƙarami, irin wanda ake wana garmaho da shi. Ya wana sau biyar, ƙafa ta tashi da ƙarfinta. Ya tsaya yana kallonta har ta sake mutuwa.

Bai zagi Mushe ba. Ya fita ya kwance bijimansa ya kora su gida. Kafin La'asar an ga Mushe a kan gada da akwati a ka, ya nufi inda iska ba ta da nauyi.

Kada wani ya ɗauka an gode mini. Yaya ya ce na tozarta shi a gaban Kawu da gayya, kuma da gaskiyarsa, da gayya na yi. Damina guda bai tako rumfata ba. Kananzir ɗin fitilarsa ma wurin wani yake saye, wanda duk gari ya san yana yi masa gauraye.

Bayan an yanke shinkafa, wata safiya kamyo ya sauke mini duro biyu a bakin gada, ina tsaye ina neman masu turawa. Sai ga amalanke ya tsaya a gabana, bijiman nan biyu suna jansa, sun yi ƙiba har wuyansu na rawa. Yaya yana kai, yana kallon kogi.

"Za ka ɗora ko sai rana ta faɗi?" in ji shi.

Na kama gindin duro, ya sauko ya kama bakin.